Ciwo ya kwanta, magani fa? Bayani kan gyambon babban hanji ga gidajenmu na Tremont

Akwai tambayar da takan taso a kowane gidan da ake jinyar gyambon babban hanji, kuma ba ta tasowa sai sauƙi ya samu. Jinin da ake gani a bayan gida ya ɗauke, murɗar ciki ta tafi, jiki ya murmure, an koma tuƙin mota ko aikin kula da tsofaffi. Sai uwa ta kira daga Kumashi ko Yamai ta ce: to, tunda Allah ya kawo lafiya, wannan haɗiyar ƙwaya ta mece ce kuma? Tambayar ba ta wauta ba ce. A gida mun saba da ciwon da ake sha wa magani kwana uku ko bakwai a rabu da shi, kamar zazzaɓin cizon sauro ko atuni. Wannan ciwon ba irinsu ba ne. Amsar a taƙaice ita ce: akwai maganin da dole ne a rabu da shi, akwai wanda ake iya ragewa, akwai kuma wanda barinsa caca ne da hanjin mutum. Wahalar ita ce sanin wanne ne wanne.

Ba basir ba ne, ba atuni ba ne

A takardun asibiti za a ga an rubuta ulcerative colitis, ko UC a gajarce. Garkuwar jikin mutum ce take juyowa ta far wa fatar cikin babban hanji, ta kumbura ta, ta yi mata gyambo mai zubar da jini da majina. Kusan kullum yakan fara ne daga ƙarshen hanji, dab da dubura, ya riƙa hawa sama. Wani a nan ƙasa kawai yake tsaya masa, wani ya ci ɓangaren hagu, wani ya game hanjin duka. Ba a ɗaukarsa a wurin wani, ba a samunsa daga shito ko yajin tsire, ko da yake yaji na iya ƙara wa mai shi wahala idan ciwon yana tashe. Ba kuma jifa ba ne.

Mutanenmu da yawa sukan shekara suna ce masa basir, suna shan jiƙe-jiƙe, kafin a kai ga duba hanjin da na'ura. Wasu kuma su ce atuni ne. Kamar ma ta kai likitocin da suka rikice a kai, har sai da Samuel Wilks na asibitin Guy's a Landan ya bayyana shi a 1859 a matsayin ciwo mai zaman kansa. Ɗan uwansa, ciwon Crohn, a nan garin aka yi masa suna: Burrill Crohn da abokan aikinsa biyu ne suka rubuta bayaninsa a 1932 a asibitin Mount Sinai da ke Manhattan. Wani ƙiyasi da aka buga a 2023 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.25 ne ke da gyambon babban hanji a Amurka.

Dattawa kan ce a gida ba mu san wannan ciwo ba. Da gaskiyarsu ta wani ɓangaren, domin ba shi da yawa a can kamar nan, ko da yake ƙarancin na'urar duba hanji ma yana ɓoye wasu. Amma binciken da aka buga a 2015 daga lardin Ontario na Kanada ya gano abin da ya shafe mu kai tsaye: baƙin da suka zo da girmansu ba su cika kamuwa ba, amma 'ya'yan baƙi daga Afirka da aka haifa a can, haɗarinsu ya yi daidai da na 'ya'yan 'yan ƙasa. Wato ciwon yaranmu ne, waɗanda aka haifa a BronxCare ko St. Barnabas, kuma yakan bayyana ne tsakanin shekara 15 zuwa 30, lokacin da maganar iyaye take da nauyi a kan ko za a sha magani ko ba za a sha ba.

Kwanciya daban, warkewa daban

Ciwon yana tashi yana kwantawa ne. Idan ya kwanta, mutum kan ji garau. Sai dai abin da mutum yake ji da abin da ke cikin hanjinsa ba kullum suke tafiya tare ba. Ciwon kan yi irin ta wutar ƙaiƙayi, sama toka, ƙasa tana ci. Shi ya sa likitoci suke kallon kwanciyar hawa-hawa. Hawa na farko, alamomi sun ɗauke: babu jini, bayan gida ya koma yadda aka saba. Na biyu, an saka na'urar kolonoskofi an ga fatar hanjin ta warke, babu ja, babu gyambo. Na uku, an tsinko ɗan nama an duba shi a madubin likita ba a ga ƙwayoyin kumburi ba. Wanda ya tsaya a hawa na farko kawai, shi ne ciwon ya fi saurin dawo wa.

Akwai gwaji mai sauƙi da ya kamata kowane mai wannan ciwo ya san sunansa: kalfurotektin. Bayan gida kaɗan ake kaiwa a ɗan mazubi, a auna wani sinadari da ƙwayoyin kumburi suke saki. Ga wanda ba ya jin komai, adadin da ya gaza 150 yana nuna da wuya a ce akwai kumburi mai ƙarfi a ciki. Idan ya fara hawa, yakan riga alamomi da makonni ko watanni. Duk maganar rage magani da ba ta fara da wannan gwajin ba, kuma galibi da kolonoskofi, maganar cikin duhu ce.

Abin da ya faru da waɗanda suka bari

An gwada. Ba sau ɗaya ba, kuma ba jiya aka fara ba.

A 1973, a Oxford ta Ingila, likitoci biyu, Dissanayake da Truelove, suka ɗauki mutum 64 da ciwonsu ya kwanta aƙalla shekara guda suna shan salfasalazin. Aka bar wasu a kan maganin, aka ba wasu ƙwayar da ba komai a cikinta, ba tare da sun sani ba. Cikin wata 6, tashin ciwon a cikin waɗanda aka cire wa magani ya ninka na ɗaya ɓangaren fiye da sau huɗu. A 1992 aka yi irin wannan gwajin a Birtaniya da maganin azatayofirin: bayan shekara guda ciwon ya dawo wa kashi 59 cikin 100 na waɗanda aka cire wa, da kashi 36 na waɗanda suka ci gaba. A 2003 Dokta Sunanda Kane ta buga binciken da ta bi mutum 99 shekara biyu tana duba ko suna karɓo mesalamin ɗinsu daga kantin magani a kan kari. Masu wasa da shi, haɗarin tashin ciwonsu ya haura ninki biyar. A 2021 kuma, daga Japan, aka buga gwajin da ake kira HAYABUSA a kan infiliksimab, wanda aka fi sani da Remicade: bayan mako 48, kashi 80 na waɗanda suka ci gaba suna nan lafiya, amma a cikin waɗanda suka daina kashi 54 ne kawai.

Mai lura zai ce: ai ke nan kusan rabin waɗanda suka daina ba abin da ya same su a wannan shekarar. Haka ne, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Har ma akwai gwajin da aka buga a 1999 daga birnin Milan na Italiya, wanda ya nuna cewa a cikin waɗanda ciwonsu ya kwanta fiye da shekara biyu, bambancin bai yi yawa ba: kashi 26 ga masu dainawa, kashi 18 ga masu ci gaba da mesalamin. Amma ga waɗanda kwanciyarsu ba ta wuce shekara ɗaya zuwa biyu ba, kashi 49 ne da kashi 23. Darasin da likitoci suka ɗauka shi ne daɗewar kwanciya tana da tasiri, kuma ba kowa ne zai sha magani iri ɗaya har abada ba. Abin da babu wanda zai iya yi shi ne ya kalli fuskar mutum ya ce masa yana cikin rabin da za su tsira. Kuma waɗannan alƙaluman na shekara guda ne. Idan aka ƙara shekaru, masu faɗuwa ƙaruwa suke yi.

Tashin ciwon ma ba koyaushe yake dawowa yadda ya tafi ba. Wanda a dā ƙarshen hanji kawai ya taɓa masa, yana iya dawowa ya haura sama. Wani tashin mai tsanani ne da yake kai mutum gadon asibiti, idan magani ya gaza a yanke babban hanjin gaba ɗaya. Sannan kumburin da ya daɗe yana ci, ko da a ɓoye, shi ne yake share wa sankarar hanji hanya. Don haka ne ake fara kolonoskofi na sa ido bayan kimanin shekara 8 da fara ciwon ga wanda ciwonsa ya wuce ƙarshen hanji, ko yana shan magani ko ba ya sha.

Kowane magani da hukuncinsa

Wanda dole a rabu da shi shi ne sitiroid, wanda za a ga an rubuta prednisone a jikin kwalbarsa. Tun gwajin Truelove da Witts na 1955 aka san yana kashe wutar ciwon da sauri, amma ba ya riƙe kwanciya, kuma daɗewa a kansa yana kawo ciwon suga, hawan jini, lalacewar ƙashi, yanar ido da kumburin fuska. Abin mamaki shi ne shi mutanenmu suka fi so, domin shi ne aikinsa yake fitowa fili cikin kwana biyu. Ana samun mai ajiye ragowarsa a durowa, ko mai sa a sayo masa daga kemis a gida, yana ɗan haɗiya duk lokacin da ciki ya motsa. Wannan haɗari ne babba. Kuma duk da cewa rabuwa da shi ake so, ba a yanke shi rana ɗaya. Wanda ya sha fiye da mako uku, jikinsa ya rage yin nasa sinadarin da maganin yake kwaikwayo. Idan aka yanke kwatsam, jini na iya faɗuwa, mutum ya yi ta amai, ya suma. Sauka ake yi mataki-mataki bisa jadawalin likita. Duk wanda ya ga ba ya iya sauka daga sitiroid ba tare da jini ya dawo ba, ko ya buƙace shi sau biyu a shekara, to maganinsa na yau da kullum ne bai isa ba, ƙari yake nema.

Mesalamin, wato Lialda, Apriso, Pentasa da makamantansu, shi ne wanda aka fi bari, kuma shi ne wanda ya fi kowanne sauƙin illa. Ba ya raunana garkuwar jiki. Aikinsa a kan fatar hanji yake, kamar man da ake shafa wa rauni. Asalinsa salfasalazin ne, wanda wata likita 'yar Suwidin, Nanna Svartz, ta samar wajen 1940, sai a 1977 wani likita ɗan Bangladesh, Azad Khan, da yake aiki a Oxford ya nuna wane ɓangare ne na maganin yake aikin. A nan ne ragi ya fi yiwuwa. Wanda aka ba giram 4.8 a rana lokacin tashin ciwo, idan hanji ya warke ana iya saukar da shi zuwa giram 2 ko 2.4. Ƙasa da giram 2 kuwa kariyar takan yi rauni. Mai amfani da na cusawa ta dubura, Canasa, ko na ɗurawa, Rowasa, wanda tsarinsa bai da nisa da bentuwar da iyayenmu suka sani, ana iya mayar da shi daga kowane dare zuwa sau biyu ko uku a mako. Wanda aka ɗaga zuwa allura mai ƙarfi kuma ta karɓe shi, ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta ba da shawara tun 2020 cewa ana iya ajiye masa mesalamin ɗin. Abin da ake nema daga mai shan sa kawai shi ne gwajin ƙoda lokaci-lokaci. Mai shan salfasalazin kuma ya tambaya ko an duba masa G6PD, domin ƙarancin wannan sinadari ya yawaita a jinin mutanen Afirka ta Yamma, kuma maganin na iya farfasa musu jini.

Azatayofirin, ko Imuran, nan ne ake auna riba da hasara da gaske. Yana riƙe ciwo, amma yana danne garkuwa, kuma wani babban bincike daga Faransa a 2009 ya nuna masu shan sa sun fi sauran masu ciwon haɗarin sankarar ƙwayoyin jini da kusan ninki biyar. Adadin waɗanda abin yake samu kaɗan ne, sai dai yana hawa da shekaru, musamman bayan 65, kuma yana sauka idan an daina. Saboda haka dattijon da ya shekara huɗu ko biyar a kansa ciwo na kwance, yana da hujjar tayar da maganar. Haka saurayin da yake haɗa shi da Remicade: sau da yawa likita kan cire azatayofirin ya bar allurar, bayan ya auna yawan maganin a jini.

Su kuwa allurai da ƙarin ruwan da ake kira bayolojik, Remicade, Humira, Entyvio, Stelara da sababbin da suka biyo baya, ba a ba mutum su sai don ciwonsa ya fi ƙarfin sauran. Wannan kaɗai ya isa dalilin yin hattara. Suna da wata matsala ta musamman: idan aka yi musu shan kama-saki, jiki kan ɗauke su a matsayin baƙon abu ya haɗa musu makami. Ranar da aka dawo neman su, sai su ƙi aiki, ko jiki ya yi musu bore a kan gadon ƙarin ruwa. Da yawa maganin kan sake karɓarsu, amma ba duka ba, kuma wanda ya rasa magani ɗaya ya rage yawan ƙofofin da suka saura masa. Ragin da aka fi yi a nan shi ne komawa ma'auni na asali, misali wanda aka matso wa da ƙarin ruwa zuwa kowane mako 4 ya koma mako 8. Ƙwayoyin Xeljanz da Rinvoq kuma da ma tsarinsu ke nan: a fara da babban ma'auni, a sauka zuwa ƙarami idan ciwo ya kwanta. Suna fita daga jiki da sauri, don haka tsallake su kwanaki kaɗan yana iya isa ciwo ya motsa.

Wani abin da yake ruɗa mutane: inshora kan canza Humira ko Remicade da wani mai sabon suna da sabon kwali. Ba rage maka magani aka yi ba. Kwafin maganin ne da hukumar magunguna ta Amurka ta tantance.

Dalilan da suke sa namu su bari

A gaskiya, yawancin masu barin magani a cikinmu ba zama suka yi suka auna haɗarin sankara ba. Rayuwa ce take yanke musu.

Azumi na gaba-gaba. Wanda aka rubuta wa magani sau uku a rana sai ya ga ba dama, ya ajiye har bayan salla. Alhali an tabbatar mesalamin sau ɗaya a rana yana aiki daidai da rarraba shi, don haka ana iya haɗa shi duka a sha da sahur ko bayan buɗa-baki, in likita ya amince. Na cusawa da na ɗurawa akwai saɓanin malamai a kan yin su da rana, amma saɓanin bai ma taso ba, tunda lokacin kwanciya barci ake so a yi su. Allurar fata da ba abinci ba ce, akasarin malaman zamani sun tafi a kan ba ta karya azumi. Ƙarin ruwan asibiti kuwa a tambayi malam, ko a tsara ranarsa tun watan Sha'aban. Wanda ciwonsa ke tashe, yana zubar da jini yana gudawa, yana cikin marasa lafiyar da Suratul Baƙara ta yi wa rangwamen ramawa daga baya. Wasu kuma suna guje wa magani mai kwanso don tsoron jelatin na alade. Taron malamai da likitoci da aka yi a Kuwait a 1995 ya halatta jelatin ɗin da ya rikiɗe, amma wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya gaya wa mai kantin magani. Mesalamin yana da nau'in ƙwaya marar kwanso.

Sai tafiya gida. Mutum zai yi wata uku ko huɗu a Nima ko Aboabo, ko ya wuce aikin Hajji, sai ya tafi da maganin wata ɗaya ya ce sauran Allah ya kyauta. A nemi maganin tsawon tafiyar tun da wuri, domin inshora kan yarda a ba da kafin lokaci idan an yi bayani. A riƙe shi a jakar hannu tare da takardar likita. Alƙalamin Humira ana ajiye shi a firji. Idan aka fitar yana iya yin kwana 14 ne kawai, kuma a zafin da bai wuce digiri 25 ba, wanda ko a inuwa Tamale da Makka sun wuce shi. Mai ƙarin ruwa ya daidaita tafiyarsa tsakanin zama biyu, ko ya tambaya ko maganinsa yana da nau'in allurar da ake yi wa kai a gida, tunda Entyvio da infiliksimab duk sun sami irin wannan a 2023.

Maganar rigakafin zazzaɓin shawara tana buƙatar natsuwa. Ghana tana neman katinsa a filin jirgi. Allurar tana ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, kuma ba a yi wa mai shan sitiroid mai yawa, azatayofirin, bayolojik ko Xeljanz. Kada wanda ya daina maganinsa da kansa na mako biyu don ya je a yi masa. Tazarar da ake buƙata ta kai watanni, kuma likita ne zai ƙayyade. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, don haka tsohon katin nan mai ruwan ɗorawa yana nan da ƙarfinsa. Wanda bai taɓa yi ba ana rubuta masa takardar uzuri, a kuma faɗa masa gaskiyar haɗarin tafiyar. Mai shan mesalamin kaɗai ba shi da wannan matsala. Allurar sanƙarau da Saudiyya take nema ga alhazai ba ta da ƙwaya mai rai, kowa na iya yi.

Ga mata, ciki ne. Da zarar an ga wata ya wuce, sai surukuwa ko ƙawa ta ce a bar duk wani magani don kare jariri. Niyyar mai kyau ce, sakamakon ne yake juyewa. Binciken PIANO da aka yi a Amurka, aka buga a 2021, ya bi ciki kusan 1,500, bai ga ƙarin naƙasa ba a jariran matan da suka ci gaba da bayolojik ko azatayofirin. Abin da ya ga yana da alaƙa da ɓari shi ne ciwon da ya tashi. Akwai dai waɗanda ba a so da ciki: metotireksat haramun ne ga mai neman haihuwa, Xeljanz, Rinvoq da Zeposia ma a yi maganarsu kafin a ɗauki ciki. Mai shan salfasalazin tana buƙatar ƙarin folik asid. Namijin da ke shan sa kuma yana iya samun raguwar ƙwayoyin haihuwa, abin da yake gyaruwa in an canza masa zuwa mesalamin. An sha zargin mace a kan abin da ke cikin kwalbar mijinta. Jaririn da uwarsa ta karɓi bayolojik da cikinsa, kada a yi masa allurar BCG a watanninsa 6 na farko. A Amurka ba a yin ta, amma a gida jarirai ake yi wa, don haka mai kai jariri ganin dangi ta riƙe wannan.

Sai kuɗi. Takardar sabunta Medicaid ta zo an ajiye ta a kan firji, aiki ya canza, inshora ta ƙi amincewa da allura, sai magani ya yanke ba da niyya ba. Hanji bai san bambanci tsakanin wanda ya bari da gangan da wanda takarda ta hana ba. A ranar da aka ga alamar yankewa a kira ofishin likita, domin suna da masu bin irin wannan takaddama, kuma kamfanonin magungunan suna da shirin tallafi. Wanda ba shi da inshora, ko ba shi da takardun zama, akwai NYC Care, wanda a nan Bronx aka fara shi a watan Agusta na 2019. Yana aiki a asibitocin birni irin su Lincoln da Jacobi da kuma asibitin Gotham Health da ke kan Webster Avenue a Tremont, kuma gwargwadon samun mutum ake biya. Dokar jihar New York ta wajabta wa asibitoci samar da tafinta kyauta. A nemi na Hausa. Bai dace a ce yarinya 'yar shekara 12 ce za ta fassara wa mahaifinta maganar jini a bayan gida ba, kuma shi ma ba zai faɗi rabin abin da ke damunsa a gabanta ba.

Maganin gargajiya kuma, ba wanda zai hana mutum zuma ko habbatus sauda ko addu'a. Gangamau ma an gwada sinadarinsa a Japan a 2006 aka ga yana taimakawa, amma a kan mesalamin aka ɗora shi, ba a madadinsa ba. Abin gudu shi ne jiƙon wankin ciki da maganin basir na kwalba da ba a san haɗinsu ba, musamman masu filasko, waɗanda suke tsarga hanjin da ke neman hutu. Haka magungunan ciwon jiki irin su Advil, Motrin, Aleve da diklofenak, waɗanda direbobi suke sha saboda ciwon baya. Suna iya tayar da ciwon. Tylenol ya fi dacewa.

In za a rage, yadda ake yi

Mai son ragi ya faɗa wa likitansa kai tsaye, ya kuma faɗi dalilin, ko tsada ce, ko gajiya, ko tsoro. Wanda ya riga ya daina wata uku da suka wuce shi ma ya faɗa. Likitan da yake zaton ana shan magani, in ya ga kumburi, zai ɗauka maganin ne ya gaza, ya ɗaga mutum zuwa wani mai ƙarfi da tsada da bai buƙata ba.

Wanda ragi ya fi yi wa kyau shi ne wanda ya shekara biyu ko fiye ba jini ba sitiroid, kalfurotektin ɗinsa a ƙasa, kolonoskofi da ɗan naman da aka tsinka sun nuna warkewa, ciwonsa bai game hanji ba, kuma bai taɓa kwanciya asibiti a kansa ba. Yaro matashi, ko wanda ciwo ya game hanjinsa, ko wanda aka sha wahala kafin a sami maganin da ya karɓe shi, nasa lissafin daban ne. Abu ɗaya ake taɓawa a lokaci guda. Ba a farawa ana saura wata ɗaya Hajji, ko azumi, ko haihuwa. Bayan an rage, ana maimaita gwajin bayan gida kusan kowane wata uku a shekarar farko, kuma tun kafin a fara a san abin da za a koma wa in ya hau. Mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a cikinmu, kada ya ajiye maganin hantarsa don an cire masa bayolojik ko azatayofirin. A daidai lokacin da garkuwa take farfaɗowa ne hanta kan ƙone, shi ya sa ake ci gaba da shi watanni bayan haka.

Idan jini ya dawo, a kira likita a makon, kada a jira ranar da aka rubuta. Wanda ya dawo daga gida da gudawa mai jini ya faɗi inda ya je, don a duba amiba da tsutsar ciki kafin a ba shi sitiroid, domin sitiroid a kan waɗannan yana iya kashewa. Kada a sha Imodium don tsayar da gudawa mai jini. Bayan gida mai jini sau 6 ko fiye a rana, tare da zazzaɓi, ko bugun zuciya da ya wuce 90, ko jiri, ko ciki ya kumbura yana ciwo, wannan na ɗakin gaggawa ne a daren, ko a kira 911. Haka ƙafa ɗaya da ta kumbura ko numfashi da ya ƙi isa, musamman bayan dogon jirgi, tunda tashin wannan ciwo yana sa jini daskarewa a jijiya.